Yaya Mudi da Gonarsa ta Sama

Duk wanda ya taɓa gaida Yaya Mudi ya san amsarsa ba ta zuwa nan take. Za ka ce masa ina kwana, sai ya sa hannu a aljihu ya tsunkuno 'yar audugar rimi, ya sake ta, ya bi ta da ido. In ta yi gabas ya koma yamma da kai ya tsaya, in ta yi yamma ya zagayo gabas. Sai ya tabbatar iska daga wajensa take zuwa wajenka, sannan ya ce lafiya lau, ina gajiya, yaya iyali. Wai kowane mutum yana yawo da hayaƙin gidansu a riga, shi kuma aikinsa ba ya son hayaƙi. Haka yake yi wa dagaci. Haka ya yi wa surukinsa ranar gaisuwar farko, har tsohon ya ja ni gefe ya tambaye ni ko a danginmu akwai mai irin wannan lalura.

Ni ne Idi, ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Yarsa Hajara ce ta matsa mini in rubuta wani abu a kansa, tun da abokan aikinsa na jami'a sun zo ta'aziyya sun karanta doguwar takarda, rabinta da Turanci, wai ya ɗaga sunan ƙasa. Ni ban san wannan ba. Bokona na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban ƙarasa ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Abin da na sani shi ne gonar tudu da Baba ya bar mana mu biyu a bayan Yammedi, da shekara goma sha wani abu da na yi ina nomanta ban isa in ƙyasta ashana a cikinta ba. Da yawanku kun san labarin, wasunku ma ni kuka yi ta yi wa dariya. To yau ku ji daga bakin wanda abin ya ci.

Mu biyu ne maza a gidanmu. Da aka zo ɗiban yara makaranta aka ce lalle gidanmu ya ba da ɗaya, Baba bai yi dogon tunani ba ya miƙa Yaya. Ya ce ni na fi shi riƙon fartanya, shi kuwa ko an kai shi gona sama yake kallo. Daga Karaye ya wuce Kano, daga Kano ya haye ruwa, muka yi shekaru sai wasiƙa. Bayan an sami mulkin kai ya dawo da tabarau da sunan dakta. Washegari mutane suka yi layi a ƙofar gida, mai ciwon ciki, mai ciwon baya, har da wanda ya zo da akuya mai zawo. Ya fito ya ce musu shi karatun sararin sama ya yi, ko maganin ciwon kai bai sani ba. Layi ya watse. Inna ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Ga aikin nasa gwargwadon yadda kaina ya ɗauka. Wai can bisa gajimare akwai wata iska dabam, ba ruwa, ba tsuntsu, duk abin da ya shiga cikinta sai ya yi shekaru yana zagaya duniya bai sauko ba. Ita iskar nan takan nufi gabas fiye da shekara, sannan ta juyo yamma, kamar fatake. Shi so yake ya san kayan da take ɗauke da su, da inda take sauke su. Manya za su tuna shekarar da faɗuwar rana ta riƙa yin ja kamar an yanka sa, mutane na cewa tashin duniya ya zo. Yaya ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce tokar wani dutse ce da ya yi aman wuta a wata ƙasa can gabas, watanni da suka wuce, ita ce ta iso kanmu. Ladan ya ce to ai dutse ya yi amai ma alama ce, sai ya ƙara wa mutane tsoro. A nan na fara jin maganarsa da kuka sani, wai sama ba ta da shinge. Ya faɗe ta ya fi sau dubu kafin ya bar duniya.

An ba shi aiki a jami'a can Zariya, amma ya ce iskar birni iska ce da aka riga aka tauna. Yana son wuri mai tsayi, nesa da gari, sai ya tuna gonar tudu. Ya kafa 'yar bukkar kwano a kusurwar kudu maso yamma, inda tudun ya fi tashi. A ciki akwai wani inji mai zuƙar iska ta cikin farar takarda mai faɗin bakin ƙoƙo, a waje kuma kwalabe da mazurarai na tarar ruwan sama. Injin da batirin mota yake aiki. Motarsa kuwa ba ta kusantar gonar saboda hayaƙi, a gari yake ajiye ta, kaina ne ya san nauyin batiran nan. Yana zuwa Juma'a da yamma ya koma Lahadi. Sauran kwanakin ni ke canja takarda kowace safiya, da hantsaki, bayan na wanke hannu sau uku, in sa ta a ambulan mai sunan ranar. Ko a alwala ba a taɓa bina diddigi haka ba.

Ranar da ya gama kafa kayansa ya ce, "Idi, daga yau ba wuta a gonar nan."

Na ɗauka gashin gyaɗa yake nufi, na ce ba komai. Ashe sharar gona yake nufi. Saboda 'yan birni da za su karanta, bari in faɗa. In bazara ta yi, manomi yana tuge tushiya, ya sare sabara da ƙaya, ya tara su tsibi-tsibi ya cinna musu wuta. Toka ta zama taki, tsutsar da ta kwana a tushiya ta mutu, maciji ya canja gari. Tun kakanninmu haka ake yi. Na ce masa maƙwabta fa, su ma zai hana su? Ya ce gonakinsu suna can gangare, hayaƙin nesa shi ne ma abin da yake nema.

"Naka kuwa kamar mutum ne ya kafa kunne yana sauraren kiran salla daga Rogo, kai ka zo kana buga masa ganga a ka."

Babba ne, gonar kuma ba a raba ba, sai na haƙura. Kowace bazara mutane su gama shara cikin kwana uku, ni ina nan mako biyu ina jidar ƙaya a ka zuwa kwari, hannu duk ya fashe. Gero kuma kullum yana ja da baya.

Sai maganar balan-balan. Kun san su, manyan nan da in an hura su daga tulun ƙarfe sukan kai girman ƙaramin rumbu. Yana ɗaura wa kowanne ɗan akwati mai girman akushi, da 'yar lema, ya sake shi, ya bi shi da madubi mai ƙafa uku irin na masu awon hanya har ya ɓace. In ya kai can sama ya fashe, akwatin ya sauko da lema. A jikinsa ya rubuta da boko da ajami, wanda ya tsinta ya kawo Yammedi. Ba mai kawowa. Robar tana ɗaurin kaya, ƙyallen lemar kuma ba abin da ya kai shi tatar koko. Shi kansa ba ya yar da komai. Da ragowar robar nan yake ɗaure tabaransa, da ita yake facin takalmi, mutum mai albashi yana yawo kamar tayar keke da ta sha faci.

Wata rana labari ya zo daga kasuwar Rogo cewa ɗaya ya faɗo a wani ƙauye gaba da garin, inda mota ba ta shiga. Ya ce in kai shi a kekena, shi kuma ya yi mini alkawarin rana ɗaya ta wuta a wannan bazarar. Na yarda. Ni ke tuƙi, shi yana baya yana sanar da ni cewa iska tana gabanmu, sai ka ce cinyoyina ba su sani ba.

Muka tarar da akwatin a gidan wata tsohuwa. Ta ɓalle murfin, ta zuba ƙaiƙayi, kazarta na kwance a ciki a kan ƙwai. Takardar awon iskar da yake nema tana manne a ƙasan akwatin, ƙarƙashin ƙwan. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya shiga yi mata bayani cewa abin nan ya je inda ko mikiya ba ta zuwa, akwai masu ilmi a ƙasashe da ke jiransa. Ta bari ya gama.

"Ɗan nan, abin da ya je sama ya dawo lafiya, kwanciyar kaza ba za ta kashe shi ba. Ka jira ta ƙyanƙyashe."

Na ce a raina yau za a yi ta. Sai kawai ya tambaye ta ranar da kazar ta fara kwanci, ya ƙirga da yatsa, ya ce saura kwana tara, za mu dawo. Har mun kai ƙofa ya juyo ya roƙe ta kada ta riƙa hura wuta kusa da akwatin. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ko marigayi mijinta bai taɓa gaya mata inda za ta kafa murhu ba. Bayan kwana tara muka sake shan hanyar nan. Ta ba mu akwatin, ta ƙara mana da ɗan tsako, wai akwatin mai albarka ne, ko ƙwai ɗaya bai yi bara-gurbi ba. A hulata tsakon ya zo gida, kun san abin da tsako yake yi a hula.

Na ce to, saura ranata. Ya ce sai ranar da iska ta juyo daga kudu maso yamma, yadda za ta kwashe hayaƙin ta yi nesa da bukkarsa. Lokacin hutu ne, yana gida. Na tara tsibina na jira. Kowace safiya a saki auduga, a ce ba yau ba. Mako uku muna haka. Wata Alhamis da hantsi ya ce yau ranarka ce. Na ruga gida ɗauko ashana. Kafin in dawo hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ina isa kan tudu ruwa ya ɓarke, ruwan farko na shekara, tsibina duk suka jiƙe sharkaf. Ko yaro ya san iskar nan ita ke kawo ruwa, shi kuwa ya fi kowa sani, ni ne kwaɗayin wuta ya rufe wa ido. Na same shi yana ta tsalle tsakanin kwalabensa, riga a jiƙe, don ruwan farko a wajensa ya fi ɗaurin aure. Na ce Yaya, haka muka yi da kai?

"Rana na ce zan ba ka, kuma na ba ka. Ban ce busasshiya ba."

Shekarar da ta biyo baya aka gayyace shi taro a ƙasar waje, mako uku, daidai lokacin shara. Na ce Allah ya kawo ni. Ranar Talata na kashe injin, na lulluɓe shi da bargo, na cinna wa gonata wuta na tsaya ina shaƙa kamar turare. Na share tokar na binne ta. Sannan na buɗe gwangwani na ɗauko sabuwar takarda fil, na sa a ambulan ɗin Talata. Mai ɗakina Ladi ta ce za a kama ni. Na ce takarda magana take yi?

Da ya dawo ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera takardun kamar mai sayar da waina. Kowacce ta yi launin shayi, wata mai madara, wata baƙi. Ta Talata kuwa fara tas. Ya ɗaga ta da hantsaki ya daɗe yana kallo.

"Idi, a duniyar nan babu iska mai wannan tsabta. Ko dai ranar Talata ka ɗauki injina ka leƙa Aljanna da shi, ko ka cinna wuta."

Na buɗe baki zan rantse, ya ɗaga mini hannu ya ce in adana rantsuwata. Ya ɗauki ta Laraba, wadda na manta ita ma ta sha ragowar hayaƙi, ya sa a madubinsa mai ƙara girman abu, ya shiga lissafo mini abin da na ƙona. Tushiyar dawa, sabara, ƙaya, da tsohon takalmin taya, wanda ya ce ya tabbata nasa ne, don ya bar shi bayan bukka zai gyara. Ladi tana bakin murhu tana danne dariya, kafaɗarta sai rawa take.

Amma ba dariya ya yi ba. Ya ce da na sa ta gaskiyar, ko da ta yi baƙi kamar gindin tukunya, na rubuta na ƙona gona, da ya yi faɗa ya wuce. Takarda mai datti aiki ce, takarda mai ƙarya kuwa sai ta ɓata 'yan'uwanta duka, don ba wanda zai ƙara yarda da su. Ya ɗauko littafinsa ya rubuta a layin Talata, ranar nan ƙanena ya ƙona gona. Daga baya ya gaya mini an kwafe littafin an aika ƙetare yadda yake. Wato duk inda Turawa suka san sunan gidanmu, da wannan suka san ni. Juma'a biyu bai yi mini magana ba. Ban ƙara yi masa ƙarya a takarda ba, wannan kam ko a gaban Allah zan faɗa.

Sai shekarun fari suka zo. Ba sai na ba ku labarinsu ba. Damina biyu gonar tudu ba ta ba ni abin da zai kai mu tsakiyar rani ba. Kada in ci amanarsa, buhu yana zuwa daga Zariya ba fashi. Amma namiji mai gona ba ya jin daɗin tuwon buhun wani, ko da na yayansa ne. Na sa a raina rashin tokar nan ne ya ƙara kashe ƙasar. Na je wajen dagaci na ce a raba mana gadonmu, kowa ya san nasa, in ƙona nawa in ga dama.

Aka zauna a zauren dagaci, ga liman, ga dattawa biyu shaidu. Yaya ya zo, ya saki audugarsa, ya zaɓi inda zai zauna. Dagaci ya gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce ya yarda a raba. Nan gabana ya faɗi, don ban taɓa jin ya yarda da abu a karon farko ba.

"Ranka ya daɗe, na bar masa ƙasar duka, daga wannan iyaka zuwa waccan. Daga ƙasa zuwa kan dawa nasa ne. Daga kan dawa zuwa sama nawa ne. Ya ƙona abin da ya ga dama, amma hayaƙinsa ya tsaya a gonarsa. In ya wuce kan dawa ya shigo mini."

Dagaci ya dubi liman ya ce Allah gafarta Malam, akwai wannan a shari'a? Liman ya shafa gemu ya daɗe. Ya ce gaskiya a littattafai an ce ya halatta mutum ya sayar da sararin da ke bisa ɗakinsa wani ya gina soro a kai. Tun yana saurayi yake karanta wurin yana mamakin wa aka rubuta wa, ashe Mudi ake jira. Zaure ya ɗauki dariya, dagaci har yana share hawaye da bakin rawani.

Ni ban yi boko ba, amma ba a haife ni jiya ba. Na bari suka lafa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na karɓa. Tambaya ɗaya gare ni. Ruwa daga gonar wa yake saukowa?"

Dagaci ya ce bisa wannan rabo, daga ta Mudi.

"To damina biyu ke nan gonarsa ba ta ba ni komai ba. Tsuntsayen da suka cinye ɗan abin da ya tsira, su ma daga gonarsa suka sauko. In dabbobin maƙwabci suka yi maka ɓarna, me ake yi?"

Aka sake fashewa da dariya, har liman ya ce yau Idi ya ci gari. Amma ni ba wasa nake ba. Yaya ya gane. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya juyo wajena.

"Shekara goma ina awo, Idi. Na san abin da ke cikin ɗigon ruwa, na san daga inda ya taso. Ban san yadda ake kawo ko ɗaya ba. Da na sani, da gonarka zan fara."

Dagaci ya yanke hukunci a nan. Rabo ya tabbata yadda Yaya ya faɗa, gaban shaidu, ƙasa tawa, sama tasa. Ba wuta. Amma mai sama shi zai kwashe sharar gona, kuma ya kawo wa mai ƙasa abin da zai maye toka. Na fito da gona sukutum, abin da ban zo nema ba, wutar da na zo nema kuwa ban samu ba.

Dabararsa ta farko ita ce ya kira Fulani su sauka a gonar da rani, shanu su ci kara su bar taki, yadda kowa yake yi. Shi da kansa ya je ruga ya gayyato su. Abin da ya manta, don ya daɗe rabonsa da daji, shi ne Bafulatani ba ya sauka sai ya hura wa shanunsa hayaƙi saboda ƙuda. Da safe ya hau tudu ya tarar da busasshen kashin shanu na turnuƙa hayaƙi taku goma daga bukkarsa, shanu sun zagaye suna lumshe ido. Ya yi ta bayani. Ardo ya saurare shi cikin ladabi, sannan ya ce shi ya gane, amma saniya ba ta san dakta ba. Da goro da gishiri da ban haƙuri aka lallaɓa su suka tashi.

Daga nan sai jaki. Jakina ya ara, ya ɗora mangala, kowace Asabar ta rani tun da sassafe yana jidar taki daga jujin gari zuwa kan tudu, in zai sauko ya ɗebo ƙaya da tushiya ya kai kwari. Ba ya yarda a taya shi, wai hukunci a kansa aka yanke. Kowace mangala sai ya rataye ta a ma'auni ya rubuta nauyinta. Mutane suna fitowa kallo kamar an kawo wasan kura. Wani mai baki ya ɗaga murya daga gindin tsamiya ya ce Dakta, abin da aka je Ingila koyowa ke nan? Bai ko juyo ba ya ce a'a, wannan ɓangaren a gida ya koya.

Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare. Da ruwa ya dawo, gonar tudu ta fi ta kowa a gefenmu. Ban taɓa gaya masa ba. Ba sai na gaya masa ba ma, don in an yi girbi shi yake bin dami yana ƙirgawa, ya dube ni ta saman tabarau, ni kuma in kau da kai in ce ruwa ne ya yi kyau bana.

Ƙirji ne ya kama shi, shi da ya gudu wa hayaƙi duk rayuwarsa. Da asibiti ya gagara ya ce a kawo shi gida. Bayan kaka ne. Kullum da hantsi in na sauko daga tudu sai na kai masa takardar ranar ya gani, ko da hannunsa ba ya iya riƙe hantsaki. Ya ce mini iskar can sama ta kusa juyawa, yana so ya ga ta juya sau ɗaya kuma. Allah bai nufa ba. Bayan sadakar arba'in abokan aikinsa suka zo da babbar mota suka kwashe inji da kwalabe da gwangwanayen takardu. Bukkar kaɗai suka bari.

Ranar rabon gado, an gama da gida da mota da littattafai, sai liman ya gyara zama, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce saura sararin da ke bisa gonar tudu, tun da gaban shaidu aka ba marigayi, dukiya ce. Ya ce Hajara tana da rabi, uwarta tumuni, wato ɗaya bisa takwas, abin da ya rage nawa. Aka rasa mai dariya da mai kuka. Wani dattijo ya tambaya da wace igiya za a auna. Hajara ta dubi uwarta, ta juyo ta ce, "Baffa, mun bar maka namu."

Saboda haka bazarar nan da ta wuce, karon farko tun ina da ƙuruciya, ƙasa tawa, sama tawa. Kuna so in ce na fasa ƙonawa saboda shi. Ban fasa ba. Na tsufa da jidar ƙaya, bayana ba ya ɗauka. Na tara tsibi na ƙyasta ashana, guda ɗaya ta isa. Wuta ta kama da kyau, hayaƙi ya miƙe ya wuce tsayin dawa, ya yi ta tafiya abinsa.

Na tsaya ina kallon hanyar gari. Wutar ta ci tsibi na farko, ta ci na biyu, ta ci duka, ta zama toka. Rana ta take, ina nan tsaye. Sai da Ladi ta hau tudu da kanta ta ce me nake jira, abinci ya huce, sannan na gane jira nake a zo a yi mini faɗa.

Allah ya jiƙan Yaya Mudi, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Ya raya Hajara, ya ba uwarta haƙuri. Abin da na yi masa na ɓacin rai, da wanda ya sani da wanda bai sani ba, Allah ya yafe mini. In tamu ta zo ya sa mu cika da imani, ya haɗa ni da ɗan'uwana.